Fuskar Baba a Bayan Hoton Gwamna

Da Allah zai ba ni ikon goge yini ɗaya daga rayuwata, wata Asabar zan goge, a shekarar da ta biyo bayan ba mu jihar Kebbi. Na daɗe ina gaya muku, ku 'ya'yana, cewa abin da ya shiga tsakanina da baffanku Sale gardamar kasuwa ce, kuma shi ne mai riƙo. Ƙarya na yi muku. Ni na yi laifin, da hannuna na dama, da rana tsaka, cikin hankalina, ba wanda ya tilasta ni. Raina a ɓace yake ina wannan rubutu, kuma ba zan ɓoye ba, domin shekara da shekaru ina ɗora fushin nan a kan mutanen da laifinsu bai kai nawa ba.

Mu Gungawa ne. Kun sani, amma a bakin wasu kuka ji, ba a bakina ba. A gungu aka haife ni, tsakiyar kogin Kwara, kafin a datse ruwa a Kainji ya haɗiye garinmu. Babanmu manomin albasa ne, kuma matuƙin jirgi. Shekara biyu kafin tashinmu wata Baturiya ta zo tana yawo a gungunan tana zane, Baba ne yake tuƙa ta. Yatsunta kullum baƙi ƙirin suke, sai mutanenmu suka sa mata suna Mai Tawada. Baba ya rasu a daminar ƙarshe da muka yi a gungu. Kabarinsa yana ƙarƙashin tafki yanzu, ba wanda zai iya nuna muku wurin. Ba a taɓa ɗaukarsa hoto ba. Ina da shekara goma sha bakwai a lokacin, Sale yana da takwas.

Bayan an kwashe mu zuwa sababbin gidajen siminti kusa da Wara, Mai Tawada ta sake dawowa. Wannan karon ba ta zana gida ko itace ba. Zama take yi da tsofaffi da mata tana tambayar me suke gani a mafarki tun da aka raba su da gungu. Inna ta ba ta nata, wanda duk gidanmu muka haddace saboda yawan maimaituwarsa. Takan ga kanta a tsakar gidanmu na da, a ƙarƙashin ruwa, tana daka, amma daga ƙugunta zuwa ƙasa ita ce turmin. Kifaye suna shiga rumbu suna fita. Sai Baba ya zo wucewa ta samanta a jirgi, jirgin a kife, kansa a ƙasa, yana tuƙi yana dubanta bai ce komai ba. Mai Tawada ta ce za ta zana shi, kuma za ta sa fuskar Baba yadda ta san shi, ta kawo wa Inna. Ta tafi, ba ta dawo ba. Inna ba ta daina zancen ba.

Ni na bar ƙauye da wuri na shigo Yelwa. Na koyi yankan gilashi da haɗa firam na hoto, na buɗe shago. Na kuma koyi wani abin da ba wanda ya ce in koya: na gyara harshena har ba a jin Gunganci a Hausata, idan an yi ba'ar mutanen gungu a majalisa in yi dariya tare da kowa. Sale shi karatu ya yi, ya zama malamin zane a makarantar sakandare. Yana kwaleji ne ya shiga gidan wani malaminsu ya ga wani hoto a bango, bishiyar kuka ce babba tana 'ya'ya, amma 'ya'yan duk jirage ne a rataye. Ya gane kukar. Ta bakin mashigin gungunmu ce. A nan ya san Mai Tawada ta cika rabin alkawari: ta sassaƙa mafarkan nan guda goma sha biyu a kan allo, ta shafa tawada ta buga su a takarda mai kauri, kowanne 'yan kofi kaɗan, ta sa lamba da fensir a ƙasa. Turawan da suka yi aiki a tafkin su suka saye su.

Daga ranar Sale ya kamu. Duk inda ya ji Bature zai koma gida ana gwanjon kayansa, a Bussa ne, a Kwantagora ne, a Sakkwato ne, zai hau mota ya je. Mutane suna kokawa a kan firji da fanka, shi yana tsaye a baya yana jiran a zo kan hotuna. A cikin shekara goma sha ɗaya ya tara guda tara. Akwai na mutumin da yake dashen albasa a kan fuskar ruwa. Akwai na ƙofa tsaye ita kaɗai a tafki, ba bango, amma inuwar gidan gaba ɗaya tana kwance a ruwa. Akwai saniya da fatarta taru ce, wato ragar kamun kifi, kifi yana iyo a cikinta. Ni na yi musu firam, ina yi ina yi masa tsiya, ina cewa albashin gwamnati yana ƙarewa a hotunan aljannu. Ya ce mini Turawa suna da suna na musamman ga irin wannan zane, ya faɗa, ban riƙe ba. Ya ce hoton kyamara yana nuna abin da ido ya gani ne, wannan kuwa yana nuna abin da ya zauna wa mutum a rai. A ɗakinsa a Wara ya kafa ƙusa goma sha biyu, tara da hoto, uku babu. Na Inna yana cikin ukun da babu.

Yanzu sai ku san yadda muke cin gwanjo a Yelwa a wancan zamani, don a nan ƙazantar take. Mu shida ne 'yan kasuwa da muke haɗa baki, babbanmu Alhaji Garba. Idan an kaɗa ƙararrawa ba ma taya kaya a kan juna. Mutum ɗaya zai taya da arha, saura su yi shiru, a sallama masa, daga baya mu koma bayan shagon Alhaji mu raba a tsakaninmu. In kuwa bare ya sa baki, sai mu taru a kansa mu yi ta ɗaga kuɗin har ya gaji ya janye, ko ya saya da tsadar da ba zai sake marmarin zuwa ba. Muna kiran wannan wayo. Zalunci ne, kuma na ci abinci da shi shekaru.

Da aka ba mu jiha sai sababbin ofisoshi suka ɓarke ko'ina, kowane ofis kuma yana son hoton shugabanni a bango. Ban taɓa samun aiki kamar na shekarar ba. Alhaji Garba ya samo kwangilar wata sakatariya ya miƙo mini, ya ce ofishin ciyaman yana son firam uku na gani na faɗa: na shugaban ƙasa, na gwamna, da na ciyaman ɗin kansa. A makon ne aka ce za a yi gwanjon kayan wani tsohon gida da masu binciken kifi suka zauna, don za a ba manyan ma'aikata gidan. Na je na leƙa kayan ta taga, na hango firam uku na maɗaci da gilashi mai kauri, an jingina su fuska ga bango. Na ce na samu.

Ranar Juma'a bayan masallaci sai ga Sale a shagona, ƙafarsa duk ƙura. Shi ma ya ji labari, mai gadin gidan ya bar shi ya juya firam ɗaya ya ga lambar fensir. Su ne ukun da suka rage. Ya san dokarmu, ya san in ya taya da kansa za mu gasa shi. Sai ya ce:

"Yaya, kai ka saya. Ka riƙe katakon da gilashin, su kake so. Ni takardun kawai za ka ciro mini."

Na ce masa wannan ai ba abin roƙo ba ne, ya zo gobe ya karɓa. Na faɗa da gaske. Ya koma Wara a ranar ya gaya wa Inna, ya dawo da sassafe.

Asabar da hantsi aka fara. An taru sosai, 'yan kasuwa, ma'aikata, masu kallo. An sayar da gadaje da kujeru da injin jirgi guda, sannan mai ƙararrawa ya ɗago firam na farko. Bai san ta ina zai riƙe shi ba. Ya ga jirgi a kife sai ya juya hoton don jirgin ya daidaita, sai ga mace tana lilo kai a ƙasa. Ya sake juyawa. Aka fashe da dariya. Wani ya ce wanda ya zana wannan a kai shi asibiti. Wani ya ce a dubi matar, ko riga babu. Gaskiya ne, babu riga, haka matan gungu suke aikin gida a da, zani kawai. Ina tsaye kusa da Alhaji Garba ina murmushi irin nawa, sai na ga Sale ya ratso mutane ya zo gaba. Ya kama gefen firam ɗin ya daidaita wa mai ƙararrawa. Ya waiwayo ya neme ni da ido, ya ɗaga murya da Gunganci, harshen da na yi shekara ashirin ban yi shi a Yelwa ba, ya ce in zo in ga Baba, ga Inna kuma.

Alhaji ya tambayi me ya ce, wani mai sayar da kifi ya fassara masa. Alhaji ya dube ni, ya dubi hoton, ya kama haɓarsa.

"Manu, ashe innarka ce wagga? To ka saya mata riga mana kafin ka sayi firam."

Dariyar da aka yi har yau ina jin ta. Na tsani Alhaji Garba saboda maganar nan har ya mutu, ban je jana'izarsa da zuciya ɗaya ba. Amma shi ba'a ya yi, irin wadda ni ma na sha yi wa wasu. Abin da ya fito daga bakina shi ne abin dubawa. Na ce, da Hausata mai kyau, yadda kowa zai ji:

"Ni ban san su ba. Takarda ce, ta bayan firam."

Sale ya tsaya yana kallona kamar bai gane ni ba. Sannan ya juya ga mai ƙararrawa ya taya hotunan uku da kansa. Kun ji dokar. Alhaji ya ɗaga gira, muka taru a kansa. Wannan ya ɗaga, wancan ya ɗaga, ni ma na ɗaga, a kan ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya bi mu har inda albashinsa ya tsaya, ya cire agogonsa ya miƙa, mai ƙararrawa ya ce ba a karɓar agogo. Aka sallama mini.

Ko a nan ba a yi asara ba tukuna. Da na ciro takardun na ajiye, da fushin ya huce zuwa la'asar, da yau babu wannan babi. Amma na koma shago kaina yana tafasa, ina cewa a raina yaron nan ya tona ni a gaban kasuwa, ya sa an yi wa uwata dariya. Ban ce ni na yi musun uwata ba. Hotunan shugabanni da aka kawo mini a takarda mai sheƙi suke, siririya, wadda danshin tafki yake nannaɗe ta cikin wata biyu, saboda haka akan manna mata kwali a baya. Ina da kwali a shago, tuli guda. Na bar shi na ɗauki takardun Mai Tawada, don na riga na ce a gaban mutane na bayan firam ne, kuma ina so maganata ta tabbata. Na ɗora gam na kafinta a wuta.

Na sha cewa ban duba hoton ba, cikin fushi na yi. Wannan ma ƙarya ce. Na duba. Na shimfiɗa shi a kan teburin yankan gilashi na dube shi da kyau. Baba ne. Ga tabon da filafilin tuƙin jirgi ya yi masa a gira, ga yadda yake karkata baki idan yana tuƙi yana fuskantar ƙarfin ruwa. Shekara ashirin da huɗu rabona da fuskar nan. Na tsaya har gam ya fara ƙauri. Sannan na tsoma burushi na shafa, na fi cikawa a tsakiya inda fuskar take, domin a tsakiya hoto yake fara kumbura, ni kuma gwani ne a aikina. Na kifa shi a bayan hoton gwamna, farin bayansa a waje don aiki ya yi tsabta. Na danne da dutsen guga. Sauran biyun ma haka.

Bayan la'asar Sale ya zo. Ya sauke fushinsa a hanya, har da sallama. Ya ce a bar abin da ya faru, in ba shi takardun ya kama motar Wara, Inna tun safe ta yi wanka ta ɗaura zaninta na Sallah tana jira a ƙofar gida. Na nuna masa firam uku a jingine, shugabanni suna ta murmushi. Ya juya ɗaya. Ya shafa farar takardar da tafin hannunsa, ya ga lambar ba ta nan, ya gane fuskar tana ciki. Bai zage ni ba. Da ya zage ni da na sami abin riƙewa.

"Wanne ne na Baba?"

Na nuna na gwamna. Ya ɗaga shi ya kai saitin rana ko zai hango wani abu ta cikin takarda. Ba a ganin komai. Ya ajiye a hankali ya fita. Bai sake taka shagona ba har na rufe shi.

Gam irin wannan yakan yi kwana biyu kafin ya kama sosai. Na san haka, sana'ata ce. Ranar Lahadi da na sa tururi da takardar ta ɗago lafiya. Na zauna a gida ina jiran Sale ya zo ya ba ni haƙuri. Litinin na kai aiki sakatariya, ciyaman ya yaba, aka rataye.

Ban je gaida Inna ba sai da Sallah ta tilasta ni. Na same ta tana tsintar shinkafa. Ta amsa gaisuwata, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Da Gunganci take magana, ina amsa mata da Hausa, kamar yadda na saba. Da na tashi tafiya ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba:

"An ce ba ni da riga a ciki. Haka nake sa'ad da nake ba ka nono. Ba ka ji kunya ba a lokacin."

Ba a yi shekara biyu ba mulki ya juya, aka sauke gwamnoni. Da na ji a rediyo abin da ya fara zo mini shi ne za a sauke hotuna. Washegari na hau mota zuwa sakatariyar. Na shugaban ƙasa an riga an canza shi tun watannin baya, ba wanda ya san inda tsohon ya shiga. Ciyaman ya tafi da nasa. Na gwamna na same shi a sito, ƙarƙashin karyayyun kujeru, gilashin a fashe. Na kawo shi shago na ɗora tukunya, na yi ta ba shi tururi ina ɗagawa da bakin reza kaɗan-kaɗan, tun safe har azahar. Gefe-gefe ya ɗago, inda na yi rowar gam. Tsakiyar kuwa ta ƙi. Da na matsa sai tawadar ta rabu da takardarta ta bi bayan hoton gwamna, ta zama baƙin tabo. Aikina ya yi kyau ƙwarai. Abin da na tsira da shi bai fi tafin hannu ba: hannun Baba riƙe da filafili, da ɗan gefen jirgi.

Na kai wa Inna. Idonta ya fara rauni a lokacin. Ta fita da shi waje, ta kai shi kusa da fuskarta, ta daɗe tana kallo. Ta ce hannunsa ne, ga ɗan yatsan da ya karye bai miƙe ba. Ta yi murmushi, na ɗauka an yafe mini. Sai ta juya takardar ta duba bayanta, ta sake juyowa, ta miƙo mini ɗaya hannun.

"To, ina sauran?"

Ta rasu a bazarar da ta biyo. A cikin kwallarta aka sami guntun, a naɗe cikin ɗankwali. Sale ya ɗauka ya soke shi a ƙusa ta goma, ba firam, don bai yarda a kawo mini in yi masa ba. Ya ci gaba da bin gwanjo wasu shekaru ko wani kofin zai ɓullo, amma Turawan sun riga sun ƙare a tafkin, gwanjon ma ya koma na tsofaffin motoci. Yana nan Wara, ya tsufa kamar ni. Muna haɗuwa a suna da jana'iza, yana gaishe ni da ladabi, yana ce mini Yaya. Ladabin nan ya fi mari ciwo.

Na ji haushin mai ƙararrawa, na ji haushin Alhaji, na ji haushin garin da ya koya mini cewa asalina abin dariya ne, har Mai Tawada na ji haushinta da ba ta kawo wa Inna hoton da kanta ba. Duk na gama zagaye na dawo kan mutum ɗaya, wanda ya yi wa fuskokin baƙi ado shekara arba'in ya shafe ta ubansa don kada 'yan kasuwa biyar su yi masa dariya. Biyar ɗin nan yau ba wanda ya rage a cikinsu.

Roƙona gare ku, da duk wanda takardar nan ta faɗa hannunsa, kada ku yi abin da na yi. In an yi dariyar inda kuka fito, ku bari a yi, za a gaji kafin azahar. In ɗan'uwanku ya kira ku da harshen gida a tsakiyar kasuwa, ku amsa masa da shi. Kada ku yi aiki da gam ko wuƙa ko wuta a ranar da aka ɓata muku rai. Kuma ku da kuke ganin duniya a cikin waya, in wata rana kuka ci karo da hoton mace rabinta turmi, jirgi a kife a samanta, ana gwanjonsa ko a wace ƙasa ce, ku sayar da filina na bakin tasha ku saye shi. Ku kai wa baffanku Sale. Kada ku biyo da shi ta wurina. Ni na riga na ga fuskar, kun kuma ji abin da na yi da ita.